Daga fetur zuwa batir: littafin aikin kwalekwalenmu a Yawuri

6 ga Oktoba, 2024

Jiya da daddare ni da ƙanena muka zauna lissafin watan Satumba, sai muka tarar kusan rabin kifin da muka kama na mai fetur ne. Shi ya sa na buɗe wannan littafi yau.

Kwalekwalen da Baba ya bar mana na katako ne, tsawonsa mita 7, siriri. Injin da ke bayansa Yamaha ne mai doki 15, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Inji ne mai amana, bai taɓa ba mu kunya ba. Sai dai tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu a gidan mai, masu jarka a kwata kuwa 1,200 suke ba mu. Fita ɗaya lita 3 ce, da baƙin mai ta kama naira 4,200. Kwana 25 a wata, 105,000 ke nan kafin a sa wa yara hatsi a tukunya.

Na auna tafiyarmu a tafkin Kainji da wayar hannu. Daga kwata zuwa inda muke zuba ragar kalli kilomita 4, yawo tsakanin raga kamar 2, dawowa 4. Kilomita 10 a rana. Wannan ita ce tafiyar da nake nema wa injin lantarki.

13 ga Oktoba

Mako guda ina bincike, kaina ya ɗau zafi. Wani mai sayarwa da doki yake magana, wani da wat, wani da fam na awon nauyi. Doki ɗaya wat 746 ne, wato injinmu ya haura wat 11,000. In na ce sai na sami lantarkin da zai yi daidai da shi, awa ɗaya kacal za ta shanye manyan batura huɗu da ɗoriya. Da na ga haka na rufe littafin, na ce abin ba namu ba ne.

Kawu ne ya dawo da ni hanya. Na same shi yana ɗinkin raga a ƙarƙashin dalbejiya, na zayyana masa lissafin. Bai ɗago ba ya ce, "Kai ɗan nan, ubanka shekara nawa ya yi yana zuwa wurin nan da filafili? Doki nawa ne a hannunsa?" Na yi shiru. Mai tuƙi da filafili, in tafiyar mai nisa ce, da ƙyar ƙarfinsa ke wuce wat 100, kuma yana zuwa yana dawowa. Ashe ba kishiyar Yamaha nake nema ba. Filafili nake nema mai ƙarfin mutum uku ko huɗu, wanda ba ya gajiya.

Injuna iri uku na gani. Akwai Torqeedo na Jamus, samfurin Travel 1103, wat 1,100 da batirinsa mai wat-awa 915, wato yawan wutar da yake ajiyewa. Akwai ePropulsion na ƙasar Sin, Spirit 1.0 Plus, wat 1,000 da batir mai wat-awa 1,276. Kowannensu ana kwatanta shi da injin fetur mai doki 3. Aikinsu ya burge ni ƙwarai, amma kuɗin da aka faɗa min ya haura naira miliyan huɗu, kuma in wani abu ya lalace ba makanikin da zai buɗe shi a nan. Na ukun su ne siraran injunan nan da masu kamun kifi da fatsa a Amurka ke lallaɓawa da su a kan tafki, irin su Minn Kota da masu kwaikwayonsa. Su da fam ake auna ƙarfin turawarsu, batir kuma kai za ka nemo naka. Nan aljihuna ya tsaya.

19 ga Oktoba

Gwajin farko, da kayan aro. Wani abokina mai aikin sola yana da ƙaramin inji mai fam 55, na bolt 12. Muka ciro batirin ruwa na gidansa, irin wanda ake kira tubula, mai 220Ah, wato amfiya-awa, awon wutar da batir ke ɗauka. Nauyinsa ya kai kilo 60, mu biyu muka ciccibe shi zuwa bakin ruwa, muka girke shi a tsakiyar jirgi.

Da na murɗa hannun injin, jirgi ya zame ba ƙara, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Ƙanena yana can goshin jirgi yana min magana a hankali kuma ina jinsa. Tun rasuwar Baba ban ji tafki haka ba.

Daga nan sai matsaloli. A giya ta biyar injin yana jan amfiya 50, kafin awa biyu tafiyar ta fara sanyi. Lambar 220 da ke jikin batirin ta jan wuta ce a hankali na tsawon awanni da yawa. In ka ja da ƙarfi abin da zai ba ka ya ragu, kuma batirin ruwa ba a son a ci fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Na biyu, injin mai giya biyar ne, kuma irinsa a ƙananan giya ba ya tsimin wuta yadda mutum ke zato, wani kaso yana ƙonewa ne a cikin naɗin waya ya tafi a zafi.

Na uku shi ya fi min ciwo. Wani babban jirgin fasinja ya wuce, igiyar ruwansa ta karkata mu, ruwan batir ya ɗan tsiyaya a kan kallin da ke gefe. Muka ɗauraye muka manta. Bayan kwana biyu ƙanena ya ja wurin, zaren ya ruguje a hannunsa kamar tsohuwar saƙar gizo. Ruwan batir yana cin zaren roba. Gyaran raga, naira 18,000. Batirin ruwa ba zai sake hawa jirgin nan ba.

26 ga Oktoba

Na yanke shawara. Inji mai fam 86, na bolt 24, wanda hannunsa ke murɗuwa a hankali daga sifili zuwa ƙarshe ba giya-giya ba, domin shi ne ke jan wuta daidai da gudun da ka nema. Dalilin bolt 24 kuwa, aiki ɗaya za a yi da rabin amfiya, zafin da ke ɓacewa a waya kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Batir zai zama litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, bolt 25.6, 100Ah, wato wat-awa 2,560. Tubula biyu an ce min 640,000, nauyi kilo 120, kamar na ɗauki fasinja biyu kullum ba kuɗin fito. Litiyam 780,000, nauyi bai fi kilo 22 ba, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa ba fargaba, kuma yana jure caji sau dubbai. Wani yaro ya ce zai haɗa min da tsofaffin baturan kwamfuta a rabin kuɗin. Na gode masa na ƙi. Wancan irin litiyam ɗin ya fi saurin kamawa da wuta, mu kuwa a kan katako muke, a tsakiyar ruwa.

Kuɗin daga adashina za su fito, da bijimin da muka yi kiwo, da abin da ƙanena ya tara. Yamaha ba za a sayar ba.

2 ga Nuwamba

Na tura kuɗin inji Legas, 465,000, dako 15,000. Batir da caja an yi magana da wani shago a Kano. Caja 55,000.

9 ga Nuwamba

Inji ya iso. Allon bayan jirgi ya yi wa maƙallinsa kauri, kafinta ya sa wani katako a gefe da kusoshi huɗu masu noti, 22,000. Mun saita farfela ta nutse kamar taƙi ɗaya da rabi. Sama da haka tana shan iska, ƙasa da haka tana neman kututture. Itatuwan da ruwa ya binne lokacin da aka cika madatsar Kainji a 1968 har yau suna tsaye a ƙasa, duk wanda ke fita a tafkin nan ya san su.

16 ga Nuwamba

Batir ya zo ranar Laraba. Jiya muka fita da shi, ba mu yi nisa ba.

Na sayi waya irin wadda ake kira milimita 6 a kasuwa, naira 9,000, mita uku zuwa mita uku dawowa. Minti ashirin muna gudu sai na ji ƙauri. Na taɓa wayar kusa da kan batir, na janye hannu da sauri, robar ta yi laushi har ta fara ɗiga. Na kashe inji. A gida na kankare bakin wayar da wuƙa, ja-ja-jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ko da ta gaskiya ce ma milimita 6 ta yi wa amfiya 45 kaɗan a wannan tsawon, balle ta jabu.

Yau na je wurin masu walda na sayi irin tasu, milimita 16, mai laushi, na sa aka kankare a gabana. Na matso da batir baya, tsawon wayar ya ragu. Na sa abin katse wuta na amfiya 60 daf da kan batir, wanda tun farko ya kamata in sa. Duka 41,000. Akwatin roba mai murfi na ajiye batir, 12,000.

23 ga Nuwamba

Ranar awo. Ruwa kwance, mu biyu da raga a ciki, abokina ya ara min mitar da ake maƙalawa a waya.

A amfiya 12, kamar wat 300, muna yin kilomita 5 a awa. Na ninka zuwa amfiya 24, muka koma 6.2. Na murɗe gaba ɗaya, amfiya 45, wat 1,150, sai 7.3. Sau uku na maimaita don ban yarda da idona ba. Wuta ta kusa ninkuwa huɗu, gudun bai ƙaru da ko rabi ba. Ruwa ba ya son a matsa masa. A hankali kilomita ɗaya tana cin wat-awa 60, a guje ta kusa 160. In na bar kashi 20 a batir, tafiyar sannu za ta kai mu kilomita 34, ta gaggawa 13.

Yamaha yana kai mu wurin raga cikin kwata ɗin awa. Yanzu minti 48 ne. Mun matso da fitarmu, da an sallame Asuba sai kwata.

30 ga Nuwamba

Yau Allah ne ya kiyaye.

Shekaranjiya da jiya ba wuta a unguwa, ban yi caji ba. Fitar jiya ta ci kamar 30Ah a lissafina, na ce saura 70, ta ishe mu har da ragi. Muka ɗebe kifi lafiya, karfasa da kurungu da tarwaɗa biyu manya. Muna juyowa iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta inda gida yake, ta buga mana a fuska. Na ƙara wuta zuwa amfiya 30 don kada ta mai da mu baya. Minti 25 muna fafatawa, saura kilomita biyu, sai inji ya ɗauke ɗif. Bai yi tari ba, bai rage gudu ba.

Jirgi ya juya gefe, ruwa ya fara tsallakowa. Ƙanena ya ce, "Yaya, filafili!" Na miƙa masa ɗaya na ɗauki ɗaya, muka mai da goshin jirgi ga iska. Sama da awa guda muna tuƙi, yana kwarfe ruwa da ƙwarya in ya sami sarari. Muka iso kwata hannuna duk ya yi bororo. Mahaifiyarmu tana tsaye a bakin ruwa, wani ya gaya mata ya hango mu.

Abu biyu na koya da jikina. Batirin ruwa in zai ƙare yana sanar da kai, gudu ya yi ta raguwa. Wannan ba ya yi. Bolt ɗinsa yana tsayawa kusan wuri ɗaya, wajen 26, tun yana da yawa har ya kusa ƙarewa, daga nan allon kariyar da ke cikinsa, wanda masu sola ke kira BMS, ya yanke wuta lokaci guda. Duba bolt ba ya gaya maka komai. Na biyu, lissafina ya ce mun ci kusan 60 ne kawai. Ina sauran 40?

Da daddare na kasa barci, ina tuna jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, mutane sama da ɗari suka tafi a wannan ruwa namu. Gobe zan sayi rigunan ceto biyu, ko nawa ne.

7 ga Disamba

Riguna 30,000. Mitar da ke ƙirga kowace amfiya da ta shiga da wadda ta fita, 35,000.

Na cika batir taf har bolt 29.2, na haɗa masa fitilu masu jan amfiya 10, na zauna da agogo. Ya kamata ya yi awa goma. Awa shida da 'yan mintoci ya ɗauke, mita ta nuna 61Ah. Na ɗora shi a sikelin masu kifi, kilo 16. Na ɗauki bidiyon komai.

15 ga Disamba

Na je Kano na dawo. Mai shagon ya fara da cewa injina ne ya kashe batirin. Na nuna masa bidiyo, ya ce mita ce ba ta da kyau. Na ce, "Alhaji, a buɗe shi a gaban maƙwabtanka, in sababbi ne a ciki na yafe kuɗina." Aka buɗe. Ƙwayoyi takwas ne kamar yadda ya kamata, amma tsofaffi, biyu sun kumbura, an kankare lambobin da ke kansu. Ya yi shiru, sannan ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Wani dattijo a layin ya shiga tsakani, aka ba ni wani samfurin na cika 90,000. Na ce ba zan ɗauka ba sai an gwada, na kwana a Kano saboda haka. Ya ba da 98Ah, nauyi kilo 21 da rabi. Mota da masauki, 38,000.

Duk wanda zai sayi irin wannan batir, ya tafi da sikeli, kuma a sauke masa shi tun daga cika har ƙarewa kafin ya miƙa kuɗi. Takardar da ke manne a jiki kowa yana iya bugawa.

22 ga Disamba

Na daina jiran wutar gari. Na so in ɗauki faifan sola mai wat 400 saboda sauƙi, abokina ya juya bayan faifan ya nuna min lambar, bolt 31 yake aiki. In rana ta gasa shi lambar tana sauka ƙasa da 29, batirin kuwa sai da 29.2 yake cika, wato da tsakar rana caji zai tsaya. Muka ɗauki mai wat 550 da ke aiki a wajen bolt 41, naira 165,000, da kwantirola MPPT, mai daidaita caji tsakanin faifan da batir, ta amfiya 40, 110,000. Yana kan rufin ɗakina. Batir a bayan babur yake zuwa gida kullum, kafin La'asar ya cika.

Ƙurar hunturu tana cin rabonta. Kwana huɗu ban wanke faifan ba ya ba da wat-awa 1,300 a yini, da na wanke ya ba da 1,900. Buƙatarmu wajen 800 ce.

29 ga Disamba

Fita shida lafiya. Cikowar kogi da muke kira baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini ya yi watanni a hanya, ya fara isowa. Ruwa ya yi garau.

Kawu ya hau jirgin ranar Alhamis. Ya ji daɗin shirun, amma ya ce shirun nan ne ke damunsa: a hazon asuba manyan jirage da kunne suke sanin akwai ƙarami a gabansu, dorina ma gara ta ji ka tun daga nesa da ka faɗo mata ba zato. Na sa fitila a kan gora a tsakiyar jirgi, kuma in mun zo wurin ciyawar burgu ƙanena yana bubbuga gefen jirgi da filafili.

5 ga Janairu, 2025

Mita ta nuna amfiya 19 a inda muka saba ganin 12, gudu kuma bai ƙaru ba. Na kashe na ɗago inji. Ciyawa kaɗan ce a farfela, na cire, abin bai canza ba. A kwata na kwance farfelar gaba ɗaya, sai ga zaren fatsa ya naɗe a bayanta tam, ya fara cin robar da ke hana ruwa shiga cikin injin. Shi wannan inji motarsa a ƙarƙashin ruwa take, robar nan kaɗai ce tsakaninta da tafki. Da ba don mita ba, da sai ruwa ya shiga zan sani. Na yanke zaren da reza, robar ta tsira da ɗan tabo. Daga yau duk Juma'a za a kwance farfela a duba. Na yi odar wata farfelar da ƙusoshinta, 15,000.

12 ga Janairu

Na haɗa lissafi. Tun daga ragar da ta lalace har farfelar da ke hanya, naira 1,900,000. A ciki, 155,000 kuɗin kuskure ne da cuta: raga, wayar jabu, cikon batir da tafiyar Kano.

Cikin kwana 24 da muka fita tun dawowata daga Kano, 21 da lantarki muka yi. Uku iska ta yi yawa tun da safe, muka ɗaura Yamaha. Ranar kasuwa ma, in za a tsallaka da buhuna da mutane, shi ne dai. Abin da ke ragowa a hannunmu na kuɗin fetur wajen 90,000 ne a wata, wato sai nan da wata 21 kuɗin za su dawo, in ba abin da ya lalace.

Dokar da muka kafa a jirgi: in mita ta nuna saura rabi, a juyo gida, ko an gama ɗibar raga ko ba a gama ba. Ƙanena ya yi gardama a kai ranar Talata, akwai kalli ɗaya da ya rage kuma yana hango motsi a ciki. Na juyo. Washegari muka same shi da kifinsa.

Abin da ke gaba biyu ne. Zafin Maris da Afrilu na tafe, akwatin batir baƙi ne, sai an yi masa fenti fari da ƴar rumfar zana, in kuma riƙa sa hannu ina jin ɗuminsa bayan kowace fita. Sai guguwar farkon damina, wadda ke faɗowa daga gabas ba sallama. Wat 1,150 ba zai fid da mu daga gabanta da sauri ba. Ina tunanin daga watan Mayu mu riƙa fita da injunan biyu a baya, Yamaha da lita biyu a tanki don ranar gudu. Nauyinsa ya kusa kilo 40, zai ƙara cin wuta. Asabar mai zuwa zan ɗaura su tare in sake awon gudu daga farko.